Me ya sa Amurka ta yi wa 'yan gurguzu kamun kan mai uwa da wabi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina ɗan karance-karancen tarihin Amurka sai na ci karo da cewa bayan yaƙin duniya na ɗaya gwamnatinsu ta kama dubban mutane a dare guda wai 'yan kwaminis ne, har ta loda wasu a jirgin ruwa ta kai su Rasha. Abin ya ɗaure min kai. Ƙasar da ta ci yaƙi, kuma kullum tana tinƙaho da 'yancin faɗin albarkacin baki, me take tsoro? Da gaske akwai barazana ne ko dai bita da ƙulli aka yi wa 'yan adawa? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, amin, Allah ya saka da alheri. In na fahimce ka abu biyu kake son ji, na farko me ya tsorata su, na biyu ko tsoron yana da tushe. Na daɗe ina koyar da tarihin wannan zamanin kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya yi min irin tambayarka, don haka bari in fara ba ka amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Barazana akwai, an tayar da bama-bamai kuma an rasa rayuka, wannan ba ƙage ba ne. Amma masu tayar da bam ɗin 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma ba su aka kama ba. Gwamnati ta yi wa mai bam da mai yajin aiki da baƙon da bai iya Turanci ba kuɗin goro, ta raɗa musu suna ɗaya, Jajaye, wato masu bin jar tutar Rasha, sannan ta bi ta hanyar da ba sai ta je gaban alƙali ba.

Halin da ƙasar take ciki a 1919

Yaƙi ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918, amma kayan aikin yaƙi na cikin gida ba su tsaya ba. Da Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917 sai majalisa ta yi dokar leƙen asiri, a 1918 kuma ta ƙara mata wani sashe da ya sa zagin gwamnati ko tuta ko kakin soja ya zama laifi. Da waɗannan dokokin aka ɗaure Eugene Debs, jagoran jam'iyyar gurguzu ta Socialist, wadda daban take da 'yan kwaminis, shekara 10 saboda wani jawabi da ya yi a garin Canton na jihar Ohio yana sukar yaƙin. Shekara biyu ana koya wa jama'a su sa ido a kan maƙwabcinsu ko ɗan leƙen asirin Jamus ne, har da ƙungiyoyin 'yan sa kai masu kai rahoto. To Jamus ta faɗi, amma ɗabi'ar neman maƙiyi a cikin gida tana nan, jira kawai take a nuna mata wani.

Kuma sabon maƙiyin bai yi wuyar samu ba. A Nuwamban 1917 'yan Bolshebik na Lenin suka ƙwace mulki a Rasha, suka fitar da ƙasar daga yaƙi, abin da Amurkawa da yawa suka ɗauka cin amana ne. A Janairun 1919 'yan kwaminis suka yi yunƙuri a Berlin aka murƙushe su aka kashe jagororinsu Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, a watan Maris Bela Kun ya kafa gwamnatin kwaminis a Hangari, a watan ne kuma aka kafa ƙungiyar kwaminis ta duniya a Mosko wadda ta fito fili ta ce burinta juyin juya hali a ko'ina. Mai karanta jarida a New York a lokacin gani yake wuta ce ta kama daji kuma iska tana kaɗo ta yamma.

A gida kuma ga tsadar rayuwa, farashin kaya ya kusa ninka abin da yake kafin yaƙi, ga miliyoyin sojoji an sallame su sun dawo neman aiki, ga masana'antu sun daina samun kwangilar yaƙi. Ma'aikatan da suka haƙura da yajin aiki saboda kishin ƙasa suka ce to yanzu fa a biya mu. A shekarar 1919 kaɗai ma'aikata wajen miliyan 4 suka yi yaji, kusan ɗaya cikin biyar kenan. A Fabrairu birnin Seattle ya tsaya cik na kwana biyar, ma'aikata kusan 65,000 suka ajiye aiki, ba a zubar da jini ba, amma magajin garin Ole Hanson ya ce juyin juya hali ne ya daƙile, daga baya ma ya ajiye muƙaminsa ya shiga yawon lacca a kan haka. A Satumba 'yan sandan Boston da kansu suka tafi yaji, aka kwana ana fasa shaguna, gwamnan jihar Calvin Coolidge ya turo dakarun jiha, kuma wannan ne ya ɗaga sunansa har ya kai shi fadar shugaban ƙasa daga baya. A watan nan dai ma'aikatan ƙarafa kusan 350,000 suka fita, mutanen da da yawansu awa 12 suke yi a rana a bakin wuta. Abin da suke nema ƙarin albashi ne da rage awanni da a amince da ƙungiyarsu. Masu kamfani sun gane cewa in ka ce ma'aikacinka yana neman ƙarin albashi jama'a za su tausaya masa, in ka ce ɗan Bolshebik ne kuma baƙo ne ai shi kenan ka gama da shi.

Bama-baman

Nan ne nake so ka natsu, don masu ba da labarin nan su kan tsallake shi in suna son nuna gwamnati ce kaɗai mai laifi. A ƙarshen Afrilun 1919 aka aika ƙunshi sama da 30 ta gidan waya zuwa ga manyan mutane, alƙalai da ministoci da attajirai irin su Rockefeller da J. P. Morgan, kowane ƙunshi da bam a ciki. Ɗaya ya isa gidan tsohon sanata Thomas Hardwick a jihar Georgia, 'yar aikin gidan ce ta buɗe, ya cire mata hannaye. Wani ma'aikacin gidan waya a New York ya karanta bayanin ƙunshin a jarida sai ya tuna akwai guda 16 irinsa da ya ajiye gefe saboda kuɗin kan sarkinsu bai cika ba, da haka Allah ya kuɓutar da mutane da yawa.

Sai daren 2 ga Yuni, bama-bamai suka tashi a birane takwas kusan lokaci guda. Ɗaya a ƙofar gidan antoni janar na ƙasa, A. Mitchell Palmer, a Washington, wajen ƙarfe 11 na dare shi da iyalinsa suna saman bene. Gaban gidan ya rushe, tagogin unguwar suka farfashe, wanda ya kawo bam ɗin, Carlo Valdinoci, ya tashi da shi har aka riƙa tsintar sassan jikinsa a kan titi tare da takardun da ya zo watsawa. Maƙwabcin da ke tsallaken titi Franklin Roosevelt ne, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya. A New York kuma wani mai gadi ya rasa ransa a daren.

Wata shekara ina ba da wannan darasin wani ɗalibi da ke zama a baya, ba mai yawan magana ba, ya ɗaga hannu ya ce Malam tsakani da Allah in ni aka tayar wa bam a ƙofar gida 'yata tana barci a sama, wallahi duk wanda na gani sai na kama. Aji ya yi tsit. Na ce masa ban ga laifinka ba a matsayinka na uba, kuma ban ga laifin Palmer ba da ya tsorata. Tambayar da nake so ka riƙe ita ce, wa ya kawo bam ɗin, kuma wa aka je aka kama? Tun daga ranar nake fara darasin da maganarsa.

Masu bam ɗin mabiyan wani ɗan Italiya ne, Luigi Galleani, masu aƙidar a rusa hukuma kowace iri ce, ba sa son sarki ba sa son majalisa, su kansu 'yan Bolshebik ba su yarda da su ba tunda su ma gwamnati suka kafa. Ƙaramin gungu ne mai riƙe sirri. Shi Galleani an tasa ƙeyarsa zuwa Italiya a watan Yunin nan. Amma da aka tashi samame sai aka nufi 'yan Rasha da 'yan Poland da Lithuania da Yahudawan gabashin Turai da ke jam'iyyu masu ofis da katin shaida da ranar taro, don su ne ake iya samu a wuri ɗaya.

Yadda aka yi kamun

A Agustan 1919 Palmer ya buɗe wani sashe a ma'aikatarsa don bin diddigin masu tsattsauran ra'ayi, ya ɗora wani saurayi ɗan shekara 24, J. Edgar Hoover. Hoover ya taɓa aiki a babban ɗakin karatu na majalisa, sai ya ɗauko tsarin katin littattafai ya mayar da shi kan mutane, kowane suna da katinsa, kowace jarida da ƙungiya da katinta, cikin ɗan lokaci katunan suka haura 200,000. Shugaba Woodrow Wilson kuwa tun farkon Oktoba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, babu mai tsawatarwa daga sama, ga Palmer yana hangen kujerar a zaɓen 1920.

Dabarar da suka yi ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. In za ka gurfanar da ɗan ƙasa sai ka kawo hujja gaban kotu cewa ya aikata wani abu. Amma akwai dokar shige da fice ta 1918 da ta ce duk baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba, in yana cikin ƙungiyar da ke kiran kifar da gwamnati da ƙarfi, ana iya korarsa. Ba sai ya yi komai ba, sunansa a rajista ya isa. Kuma korar baƙo a wurinsu aikin ofis ne, jami'in shige da fice ne zai yi masa tambayoyi ya rubuta rahoto, babu alƙali babu masu taya alƙali yanke hukunci. A ƙarshen Disamba ma aka sauya ƙa'idar da ta ba wanda aka kama damar ganin lauya tun farko, aka ce sai an gama tatsar bayanai.

Samamen farko ranar 7 ga Nuwamba 1919 aka yi shi, an zaɓi ranar ne da gangan don ta dace da cikar juyin Rasha shekara biyu. Aka afka wa ƙungiyar ma'aikata 'yan Rasha a birane 12. A ginin su na New York akwai azuzuwan dare da leburori ke koyon Turanci da lissafi, aka fito da su ana duka da kulake, wasu kai a fashe. Ranar 21 ga Disamba aka loda mutum 249 a wani tsohon jirgin ruwan soja mai suna Buford, shi ne jirgin da ka karanta, cikinsu har da Emma Goldman da Alexander Berkman, fitattun masu aƙidar a rusa hukuma, aka sauke su a Finland aka tsallaka da su Rasha.

Babban kuwa na 2 ga Janairu 1920 ne, birane sama da 30 a dare ɗaya, an nufi jam'iyyun kwaminis guda biyu da aka kafa a Chicago 'yan watanni kafin nan. Aƙalla mutum 3,000 aka tsare, wasu masana na kai jimillar duka samamen har kusa da 10,000 in an haɗa da waɗanda aka kama aka saki ba a rubuta ba, kuma rashin rubutun ne ya sa har yau ba a daidaita kan adadi ɗaya ba. Da yawa babu takardar izinin kama su, sai daga baya aka cike. An kama wanda ya zo shan shayi a zauren taro, an kama wanda ya zo ziyarar ɗan'uwansa da aka tsare. A Detroit maza kusan 800 aka cusa a wani lungun ginin gwamnati da ba taga, ban ɗaki ɗaya tal, suna kwana a kan dandamali, wasu har kwana shida, iyalansu ba su san inda suke ba. A Boston an bi da su kan titi ɗaure da sarƙa don 'yan jarida su ɗauki hoto. Duk wannan samamen makaman da aka samu 'yan ƙananan bindigogi ne da ba su cika yatsun hannu ba, ba a samu bam ko ɗaya ba.

Wani abin da ke taɓa ni duk lokacin da na koma kan bayanan shi ne da yawan mutanen nan ba su ma san su 'yan jam'iyyar kwaminis ba ne. Reshen yarensu ne na tsohuwar jam'iyyar gurguzu shugabanni suka kwashe shi gaba ɗaya suka kai sabuwar jam'iyya, sunan mutum ya bi rajista, shi kuwa abin da ya sani yana zuwa zauren ne don jin yarensu da neman wanda zai karanta masa wasiƙa.

Kuma abin bai tsaya kan baƙi ba. Majalisar wakilai ta hana Victor Berger, ɗan jam'iyyar gurguzu daga birnin Milwaukee, zama a kujerar da ya ci, mutanensa suka sake zaɓarsa, aka sake hana shi. Majalisar jihar New York ta kori 'yan gurguzu biyar da aka zaɓa. Baƙaƙen fata ma an shafa musu kashin kajin, a bazarar 1919 da aka yi ta kai musu hari a birane, a Chicago kaɗai mutum 38 suka mutu, sai jami'ai suka riƙa cewa 'yan Bolshebik ne ke zuga su, kamar wanda ya dawo daga fagen daga a Faransa yana bukatar wani ya gaya masa ana zaluntarsa. A lokacin ne Hoover ya sa Marcus Garvey, mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a gaba.

Abin da ya taka musu birki

Ikon sa hannu a takardar kora yana ma'aikatar ƙwadago ne, Palmer kamu kawai yake iya yi. A Maris 1920 riƙon ma'aikatar ya faɗo hannun wani dattijo ɗan shekara 70, Louis F. Post. Mutumin nan ya sa aka kawo masa fayilolin ya zauna yana karanta su ɗaya bayan ɗaya dare da rana. Inda ya ga an sa sunan mutum ba da saninsa ba ya soke, inda aka hana shi lauya ya soke, inda aka ƙwaci hujja ba bisa ƙa'ida ba ya soke, har ya soke sama da 2,000. Inda kuma ya ga doka ta hau kan mutum ya sa hannu, don shi ma ba cewa ya yi dokar ba ta aiki ba. 'Yan majalisa suka taso za su tsige shi, ya je gabansu a watan Mayu ya yi ta amsa tambayoyi da misalan fayil-fayil har maganar tsigewar ta mutu. A ƙarshe mutum 556 aka kora daga cikin dubban nan.

Ina yawan ba ɗalibai wannan a matsayin aikin gida, in zayyana musu fayil uku ko huɗu irin waɗanda Post ya bayyana in ce ku yanke hukunci. Abin da na lura shi ne waɗanda suka fi zafi a muhawara in ana maganar dubbai, da zarar mutum ɗaya ne a gabansu da matarsa da 'ya'yansa da wurin aikinsa sai hannunsu ya yi sanyi.

Sauran abubuwan sun zo a jere. Palmer ya shelanta cewa ranar 1 ga Mayu 1920 za a yi yunƙurin kifar da gwamnati, aka baza 'yan sanda da sojoji aka tsare gidajen manya, rana ta fito ta faɗi ko tsinke bai motsa ba, jaridun da suke yabonsa suka juya masa baya. A watan nan manyan lauyoyi 12, cikinsu da Felix Frankfurter da Roscoe Pound na jami'ar Harvard, suka fitar da rahoto kan karya dokar da ma'aikatar shari'a ta yi. A Yuni alƙali George Anderson na Boston ya saki wasu da aka tsare, ya ce gungun 'yan tarzoma sunansu 'yan tarzoma ko da jami'an gwamnati ne. Su ma masu masana'antu sun fara jin jiki don baƙin nan su ne leburorinsu, kuma dama yaje-yajen aikin an riga an karya su. Takarar Palmer ta leƙo ta koma, James Cox jam'iyyarsa ta tsayar. Debs kuwa daga cikin kurkukun Atlanta ya yi takara ya samu ƙuri'a sama da 900,000, shugaba Harding ya sake shi a ƙarshen 1921.

Su kuma masu bam ɗin na ainihi suna nan. Ranar 16 ga Satumba 1920 wani keken doki cike da nakiya ya tashi a titin Wall Street da tsakar rana, mutum sama da 30 suka mutu, akasarinsu ƙananan ma'aikata da 'yan aike. Masana da yawa suna danganta shi da mabiyan Galleani, amma ba a taɓa hukunta kowa a kai ba.

Iyakar abin da zan iya cewa

Ni fannina tarihi ne, ɓangaren fassarar dokokin shige da fice na masana shari'a ne. Sannan kar ka ɗauki hukuncin 1919 ka ɗora shi kai tsaye kan zagaye na biyu na farautar 'yan kwaminis da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin sanata Joseph McCarthy daga 1950. A can akwai 'yan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet na gaske a cikin gwamnati har da shirin makamin nukiliya, takardun sirri da aka buɗe daga baya sun tabbatar, duk da cewa can ma dubban malamai da ma'aikata da 'yan fim sun rasa abincinsu ba tare da sun yi komai ba. Wanda ya haɗa zagayen biyu mutum ɗaya ne, Hoover, ya zame daga laifin samamen 1920, aka ba shi shugabancin hukumar bincike a 1924, wadda ta zama FBI, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1972. Ɗalibaina 'yan Nijar kan kawo maganar jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary da aka haramta a 1959, kuma lallai tsoron kwaminisanci na cikin abin da aka yi amfani da shi, amma can rigimar 'yancin kai ce da hannun Faransa a ciki, tana bukatar zama na daban.

Tunda jirgin ne ya fara jan hankalinka, bari in ƙarasa maka labarinsa. Emma Goldman da Berkman sun isa Rasha da murna, amma ba su yi shekara biyu cikakku ba suka ga yadda gwamnatin Lenin ke ɗaure abokan aƙidarsu, suka ga yadda aka murƙushe sojojin ruwan sansanin Kronstadt da suka yi bore a Maris 1921, a ƙarshen shekarar suka fice daga ƙasar suna sukarta a fili. Goldman ta yi sauran rayuwarta tana yawo tsakanin Turai da Kanada, sau ɗaya aka bar ta ta shiga Amurka na kwana 90 a 1934. Ta rasu a Toronto a 1940, sannan aka yarda a shigo da gawarta aka binne ta a wajen Chicago.